Shekara tara muna bin layi, ba wanda ya tambayi sana'ar Baba

Wallahi raina a ɓace yake. Shekara tara mahaifina yana fama da ciwon suga, kullum muka je asibiti karatun ɗaya ne: rage gishiri, bar zaƙi, sha magani, dawo bayan wata uku. Duk ya bi. Amma sai ƙafafunsa suka fara kumbura, fitsari na kumfa, aka auna aka ce ƙoda ta raunana. Me likita ya fara cewa? "Baba, ba ka kiyaye abinci." Haba! Tsohon da ko ɗanɗanon sukari ya manta?

Sai da Allah ya haɗa mu da wata likita mai haƙuri ta tambaye shi aikin da ya yi a rayuwa. Shekara talatin yana fasa tsofaffin batiran mota, yana narka dalmar ciki da hannunsa. Ta sa aka auna jininsa, sai ga dalma.

Ita ce ta zaunar da mu ta yi mana bayani. Dalma ba ta fita da sauri. Fiye da kashi 90 cikin 100 na wadda ke jikin babba tana kwance a ƙashi da haƙori, tana tsiyayowa cikin jini shekara da shekaru. Tana cin ƙananan bututun ƙoda, tana ɗaga hawan jini, ga suga kuma yana cin matatar ƙodar ta nasa ɓangaren. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce babu wani adadin dalma a jini da za a kira lafiyayye.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne batun abinci. Ashe idan jiki ya rasa sinadarin ƙarfe da kalsiyam, ko ciki ya zauna wayam, hanji ya fi zuƙar dalma. Mu kuwa don tsoron faɗan likita mun yi ta janye masa abinci, har yakan wuni da yunwa wai kada suga ya hau. Ba wanda ya ce mana kul.

Tambaya ɗaya ce fa, ko minti guda ba ta ci: "Wane aiki kake yi?" Katinsa ya yi kauri kamar littafi, shafi bayan shafi na lissafin suga, babu layi ɗaya da aka rubuta batir. Yanzu ana mana zancen wankin ƙoda, kuma wancan likitan har yau idan ya gan mu sai ya ce a rage gishiri.