Ƴan uwana masu rubuta direba, ku daina wannan kwamacala

Wani ƙanena a harkar nan ya kawo min direban da ya rubuta wa na'urar auna zafi da matsin iska (direba ita ce manhajar da ke haɗa kwamfuta da na'ura), wallahi raina ya ɓaci. Fayil guda ne tal, kuma komai na ciki: karanta rijistar na'urar ta I2C (wata hanyar wayoyi da saƙo ke bi tsakanin na'ura da kwamfuta), lissafin zafi, lambar fil (pin) ɗin allon lantarkinsa, har da tsara yadda za a nuna wa mai amfani. Na ce idan aka ɗora na'urar kan SPI, wata hanyar wayoyin ta daban, fa? Ya ce sai ya kwafi fayil ɗin ya sauya. Haba ɗan uwa!

Ku buɗe direban BMP280, wata na'urar auna zafi da matsin iska, na Linux ku gani da idonku. Akwai fayil na uwa mai lissafi, akwai ƙarami na I2C, akwai na SPI, regmap, tsarin karanta rijista na bai ɗaya, na tsakaninsu. Uwar ba ruwanta da wayar da saƙo ya biyo. Tun 2011 regmap ke cikin Linux, kyauta, amma kun gwammace cakuɗa. Lambar fil kuwa bayanin allo ne, me ya kawo ta cikin direba? Gobe an sauya allo, direba ya mutu. Ba a tauna taura biyu.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne wanda zai zauna cikin aikin katsewa (interrupt, inda kwamfuta ke barin komai don amsa kiran na'ura) yana jiran I2C, alhali wurin ba a barci, wato tsayawa jira, a cikinsa. Kwamfuta ta sandare, ya ce laifin na'ura ne. Sauri ya haifi nawa ke nan. Direbobin Wi-Fi nawa ne suka yi shekaru a ɗakin jira na staging, inda Linux ke ajiye direbobin da ba su kai ba, saboda sun ƙi mac80211, tsarin Wi-Fi na bai ɗaya na Linux, sun ɗauko nasu tarkacen? Ga kuma masu kwaso rubutu daga intanet su manna ba su karanta ba, sannan su hau Facebook suna kiran kansu injiniya.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, ƙannena. Ku raba hawa-hawa, kowanne ya san iyakarsa.

Tun 1968 Dijkstra, masanin kwamfuta, ya bayyana tsarinsa na tafiyar da kwamfuta mai suna THE da aka gina hawa-hawa, a kwamfutar da wayar hannunku ta fi ta ƙarfi nesa ba kusa ba. Waɗanda suka koya mana sai sun zana iyakar kowane hawa a takarda kafin su taɓa madannai, kuma suna jin kunyar miƙa wa na gaba aikin da ba zai iya karantawa ba. Yanzu da fitilar allo ta kama, an tafi shan shayi.