Likita ya ce "hamid", mu kuma muka ji "alhamdu lillahi"

Jiya bayan isha'i 'yar yayana ta zauna a gabana ta ci tamis da ful, wato gurasa da dafaffen wake, ba ta juya min baya ba, ba ta rufe baki da gefen mayafi ba. Wata bakwai ke nan da yi mata aiki a muƙamuƙi, kuma rabon da in ga ta ci abinci a gaban mutane ya kusa shekara huɗu. Na kwanta barci ya ƙi zuwa. Don haka bari in amayar da abin da ya daɗe yana cin raina, wanda zai ce Hajiya ta cika surutu ya faɗa, ai ba yau aka fara ba.

A ƙarshen 2019 wani ɗan kumburi ya fito mata a ƙasan kunci na hagu, daidai haƙoran tauna na can ciki. Ba zafi, ba zazzaɓi, ba ruwa. Uwarta ta ce hangum ne, da ya wuce wata biyu aka ce haƙori ne. Aka kai ta wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, na unguwarmu a nan Jidda, likitan haƙori ya ɗauki hoton nan da ke nuna muƙamuƙi gaba ɗaya daga kunne zuwa kunne, ya duba, ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, a tafi babban asibiti. Can suka yanki ɗan nama suka kai gwaji. Ranar karɓar sakamako Yaya ne ya raka ta. Likita ya ce "waram hamid", wato ƙari ne amma ba daji ba ne. Yaya ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala, ya dawo gida ya sa aka dafa shinkafa aka raba wa maƙwabta. Likitan ya kuma ce a dawo a yi aiki. Wannan rabin maganar a asibiti aka baro ta.

Ban zargi Yaya shi kaɗai ba, ni ma na ci shinkafar. Kalmar ce ta yaudare mu. A kunnen Bahaushen da ya tashi a Hijaz, "hamid" 'yar'uwar hamdala ce, abin yabo, abin godiya. A bakin likita kuwa ma'anarta ƙanƙanuwa ce: ƙarin ba ya cika tashi daga inda yake ya yi ƙaura zuwa huhu ko hanta irin yadda daji ke yi. Shi ke nan. Bai ce zai daina girma ba.

Sunan abin amilobilastoma. Daga ragowar ƙwayoyin da ke gina farin ɓawon haƙori tun mutum yana yaro yake tasowa, kuma kusan kashi 80 cikin 100 a muƙamuƙin ƙasa yake fitowa, yawanci ta baya. Ya fi kama masu shekara ashirin da wani abu zuwa arba'in, kuma a asibitocin Najeriya yana sahun gaba cikin ƙarin da ke fitowa daga tushen haƙori. Halinsa irin na gara ne. Daga ciki yake cin ƙashi a hankali, yana hura shi, har bangon ƙashin ya koma kamar ɓawon ƙwai. Da aka nuna min hoton da aka sake ɗauka daga baya na ga ramuka-ramuka a cikin ƙashin kamar kumfar sabulu, kuma ashe haka likitocin ma suke kwatanta shi. Babban makircinsa shi ne rashin ciwo. Mu kuwa ba ma zuwa asibiti sai abu ya hana mu barci.

Sai korona ta shigo a 2020, kowa ya sa takunkumi, ita kuma dama mai niƙabi ce. Ina faɗin wannan da girmamawa, don ni ma ina sawa: niƙabi ya rufa wa ciwon nan asiri shekara da shekaru. Namiji da ya fita da kunci a kumbure, kafin ya kai masallaci mutum goma sun tambaye shi. Mace kuwa tana iya ɓoye shi har ga ƙawayenta. A cikin gida aka shiga abin da muka iya: man habbatus sauda, zamzam da tofi, wata tsohuwa daga Shari' Mansur a Makka ta ce jifa ne saboda an fara maganar aurenta. Wani ma ya kawo shawarar a kira wanzami ya yi sakiya, Allah Ya taimake mu uwarta ta ƙi. Ba na raina addu'a, ni ma na yi ta har da kuka. Amma wanda ya koya mana addu'ar shi ne ya ce a nemi magani.

Abin da ya farkar da ni wata tambaya ce da ta yi min muna wanke-wanke. Ta ce, "Goggo, wai allurar nan ta Texas nawa ake yi? In aka cika min ɓangaren dama, ba za su daidaita ba?" Na ajiye kwanon da ke hannuna. Yarinya tana ɗauke da ƙari a ƙashi, amma abin da wayarta ta koya mata shi ne a ƙara wa ɗaya gefen kumburi don su yi daidai. Wanda ke zaune a ƙasar nan ya san abin da nake nufi. Buɗe Snapchat ko bi ta titin Tahliya, ba abin da za ka gani sai tallar murmushin Hollywood da allurar fito da layin muƙamuƙi, wadda ake kira Texas. Ba zan tsaya faɗa da masu yi ba, fuskarsu ce da kuɗinsu. Magana ɗaya ce tawa: duk wanda gefen fuskarsa ɗaya ya fara fin ɗaya girma, ko haƙoransa suka fara girgiɗi ba dalili, ko ya ga cizonsa ya daina haɗuwa yadda ya saba, ko leɓensa na ƙasa ya yi sanyi kamar ba nasa ba, hoton ƙashi yake buƙata kafin kowace allura.

Da muka koma, likitan bai yi mana faɗa ba, ya dai sa hoton farko kusa da na yanzu ya bar mu muka kalla. Na tambaye shi me zai hana a buɗe a kankare abin kawai a bar mata ƙashinta. Ya ce irin wannan in aka kankare ya cika dawowa, domin yana miƙa 'yan yatsu cikin ƙashin da ido ke gani lafiyayye. Dole a yanke shi tare da kamar santimita ɗaya ko ɗaya da rabi na ƙashi mai lafiya ta kowane gefe. A 2019 wannan yankan ɗan guntu ne. Yanzu ya zama kusan rabin muƙamuƙi, da haƙoran da ke kai, da jijiyar da ke kai ji zuwa leɓe.

Abin da suka yi bayan yankan har yau ina mamakinsa. A ƙafa, gefen ƙashin ƙauri, akwai wani siririn ƙashi da ba shi ke ɗauke da nauyin jiki ba. Shi suka ciro tare da jijiyoyin jininsa, suka yanyanka shi suka lanƙwasa ya ɗauki siffar muƙamuƙi, suka ɗaure da faranti da kusoshin ƙarfen titaniyam, sannan suka ɗinke jijiyoyin da na wuyanta suna kallo ta madubin ƙara girma, don ƙashin ya ci gaba da rayuwa a sabon mazauninsa. Wani likita a Amurka, David Hidalgo, shi ya bayyana wannan dabara ta gyaran muƙamuƙi a 1989. Tun hantsi aka shiga da ita, sai bayan isha'i aka fito. Kwanaki ana ba ta abinci ta roba a hanci, sannan makonni na kunu da romo, ga koyon taka ƙafa. Duk wannan kuɗin jinkiri ne muka biya da jikinta.

Akwai maganar da ta fi ɓata min rai a lokacin jinya. Wani dattijo cikin dangi, da ya ji za a ciro ƙashi daga ƙafa, sai ya ce a cire cutar kawai a bar ta yadda Allah Ya so, rai ake nema, kyau na mene ne, kada a shiga canza halitta. Yana maganar ne haƙorin Makka yana walƙiya a bakinsa. Na yi shiru don girmansa, amma a nan zan ba shi amsa. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an yanke masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Zinare, ga namiji. Abu Dawuda da Tirmizi sun rawaito shi. Abin da aka tsine wa a hadisi shi ne irin masu goge haƙori don su ƙirƙiri wushirya saboda ado. Mayar da abin da cuta ta cinye daban ne. Kuma muƙamuƙi ba kayan kwalliya ba ne: da shi ake tauna, da shi ake magana, shi ke riƙe harshe kada ya faɗa baya ya toshe numfashi. Ko da ma don kyan ne kawai, yarinya 'yar shekara ashirin da bakwai da ke son ta kalli madubi ba ta yi laifi ba. Mu da muke tafiya ganin amarya mu dawo muna lissafa hancinta da wushiryarta, ba mu ne za mu ce fuska ba komai ba ce.

A ɗakin jiran asibitin na ga wasu masu wata matsalar daban, kuma sun sa na ji kunyar wasu sunaye da muka riƙa laƙaba wa yara a unguwa. Samari da 'yan mata ne da muƙamuƙin ƙasa ya zarce na sama, ko ya noƙe baya, ko haƙoran gaba ba sa haɗuwa sam, mutum ba ya iya gatsar ko tuffa. Ba cuta ba ce ta kama su, haka ƙashin ya girma. Mu kan ce halitta ce, mu yi musu ba'a, mu wuce. Ashe yana gyaruwa, kuma ba jiya aka fara ba: tun shekarun 1950 wani likita, Hugo Obwegeser, ya fito da hanyar tsaga muƙamuƙin ƙasa ta cikin baki a matsar da shi gaba ko baya, ba tabo a fuska. Sai dai ba aikin dare ɗaya ba ne. Ana sa wayar haƙori, wadda a nan muke ce wa taƙwim, shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin a shiga tiyata, ana jira sai ƙashi ya gama girma wajen shekara goma sha takwas, kuma leɓe kan yi sanyi na watanni, wani ma ba ya dawowa gaba ɗaya. Waya kaɗai haƙori take gyarawa, allura kuwa fata take cikawa. In matsalar a ƙashi take, babu ɗayansu da ke kai hannu wurin.

Na san abin da wasu za su rubuto min a ƙasa: Hajiya, ke kina da iƙama da ta'amin, wato takardar zama da inshorar lafiya, mu fa? Gaskiyarku. Akwai 'yan'uwa marasa takarda a unguwannin Karantina da Hindawiyya da ko ƙofar asibiti tsoron ta suke, kuma ba ni da amsar da za ta share wannan. Abin da zan iya cewa, hoton muƙamuƙi a ƙaramin asibitin haƙori bai kai kuɗin ankon biki ɗaya ba, kuma matan da ke haɗa adashi don lefe za su iya haɗa shi don wannan. In aikin ya gagara a nan, asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato duk suna da sashen tiyatar baki da fuska. Komawa gida da ƙaramin kumburi ya fi zama a nan da babba.

Ita dai yanzu saura dashen haƙora a cikin sabon ƙashin, kuma likita ya ce za ta riƙa zuwa hoto shekaru masu yawa, don abin kan iya leƙowa ko bayan shekara goma. Leɓenta na hagu har yanzu ba ya ji, in tana shan shayi sai ta riƙe hankici a ƙasan haɓa. Jiya da ta gama cin tamis ɗin ta ce, "Goggo, in an sa min haƙoran, ki sa masu zuwa Umara su taho min da kilishi, mai yaji." Na ce mata to, na rubuta a waya don kada in manta.