Abin da na ji a rediyon trotro

Ranar Juma'a, jajibirin zaɓen Ghana na 7 ga Disamba 2024, na hau trotro daga Nima zan je Circle. Trotro ita ce bas ɗin haya ta nan Accra: kujeru a matse, aya daga Baibul a gilashin baya, yaron mota rataye a ƙofa yana kiran unguwanni. Direban Kirista ne, ga gicciye yana lilo a madubi, ya kamo tashar coci. Faston yana magana da harshen Tuwi yana surkawa da Turanci, abin da na tsinta shi ne: gobe ka jefa ƙuri'arka, ka koma gida, kada ka zubar da jini saboda wanda bai san sunanka ba. Bai ambaci Mahama ba, bai ambaci Bawumia ba, manyan 'yan takarar shugaban ƙasa biyu, alhali ɗaya Kirista ne, ɗaya Musulmi.

Da na dawo shago, sai na tarar da malami a tashar da mutanen zango ke saurare yana faɗin kusan magana ɗaya da Hausa, yana jawo aya a kan fitina. Maƙwabcina mai sayar da atamfa ya dube ni ya ce, "Malam, mu nan haka muke yi. Ku kuwa a Najeriya zaɓenku yaƙi ne."

Maganar ta soke ni. Na ce masa mu ma muna da Imam Ashafa da Fasto Wuye masu sasanta Musulmi da Kirista a Kaduna, muna da kwamitin zaman lafiya na Abdulsalami da Bishop Kukah. Na tuna masa cewa a zaɓensu na 2020 an rasa rayuka. Duk gaskiya ne, amma ina faɗa ina jin kunya.

Domin a nan abin ba na ranar zaɓe kaɗai ba ne. Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya shiga cocin Katolika ta Christ the King a 2019 lokacin da ya cika shekara 100, kuma babu wanda na ji ya hau mumbari ya kafirta shi. Mai wa'azi a rediyo ya san wannan dattijo yana sama da shi, dole ya auna harshensa. Washegarin zaɓe Bawumia ya kira Mahama ya taya shi murna tun hukuma ba ta sanar ba, na buɗe shago kamar kullum.

Mu fa? Kun san abin da aka riƙa faɗa a wa'azi lokacin tikitin Muslim-Muslim a 2023, daga ɓangarorin biyu, ana yankawa ana turawa a WhatsApp. Ba sai na maimaita ba.

Ina Kaduna a Afrilun 2011. Cikin kwana uku aka kashe mutum sama da 800 a jihohin Arewa 12. Mahaifina ya kwana zaune a zaure da ƙaramar rediyonsa a kunne, yana murɗa ta yana neman wanda zai ce a tsaya. Rediyon tana nan a ɗakin Inna. Da na kira ta daren jajibirin zaɓen Ghana na ce gobe zaɓe, tambayar farko da ta yi mini ita ce ko na sayi abinci na ajiye, ko na rufe shago da kwaɗo biyu.