Aikin mandub a Saudiyya: takarda ce za ta kori samarinmu, ba mutum-mutumi ba

Duk wanda ya tsaya ƙofar gidan abinci a Jidda ko Makka bayan isha'i zai gan su, samari sun jeru kowa ya duƙufa kan waya ana jiran oda ta faɗo. Su ne 'yan tausil, wato masu kai wa mutane oda har gida, mandub kamar yadda ake kiransu a nan, kuma akwai namu da yawa a ciki, wasu haifaffun nan ne wasu daga Kano ko Maraɗi suka zo. Kwanan nan zancen da ke yawo a WhatsApp shi ne wai aikin ya kusa mutuwa, wai jirage marasa matuƙi da mutum-mutumi za su karɓe shi. Ni dai ban yarda ba.

A kai mutum-mutumin nan unguwar Shara Mansur da ke Makka mu gani mana. Lungu ba suna, gida a kan dutse, bene hawa huɗu ba lif, mai oda ya turo lokeshan ɗin gidan maƙwabcinsa, ka kira sau uku bai ɗaga ba sannan ya fito yana faɗa wai shawarma ta huce. Na'ura za ta iya yawo a sabbin unguwannin Riyadh masu shimfiɗaɗɗen titi, amma irin wannan wahalar har yanzu sai ɗan Adam. Kuma kasuwar ba raguwa take ba, tun korona a 2020 mutane suka saba komai a kawo musu har ƙofa, ga manhajojin oda irin su HungerStation da Jahez da Mrsool, a 2024 kuma Keeta ta kamfanin Meituan na Sin ta shigo da rangwame iri-iri. Kamfani ba ya tasowa tun daga Sin ya zuba kuɗi a sana'ar da za ta mutu gobe.

Abin da ya kamata ya hana mu barci shi ne dokar da hukumar sufuri ta ƙasar ta sanar a Janairun 2024. A taƙaice ta ce wanda ba ɗan ƙasa ba ba zai ƙara yin tausil da kansa ba, dole ya shiga ƙarƙashin kamfanin sufuri mai lasisi, ya sa yunifom, kuma manhaja ta riƙa tantance fuskarsa, aka ce za a aiwatar a hankali cikin wata 14. Ɗan ƙasa shi an bar masa damarsa, in ya ga dama ya fita da motarsa bayan ya tashi daga ofis ya yi oda biyar ya koma gida.

To kowa ya san yadda da yawa daga cikin namu suke yi a da. Wani ya buɗe akawun da sunansa ya ba ka haya, kai ka yi ta zirga-zirga ku raba, ko kuma iƙamarka, wato takardar izinin zamanka, ta direban gida ce amma da dare ka saci jiki ka fita. Wannan ƙofar ce ake rufewa, don waya in ta ce nuna fuskarka ba ta san magiya ba, kuma in aka kama ka kana aikin da ba na kafil ɗinka ba, wato wanda kake zaune a ƙasar a ƙarƙashin sunansa, daga tara sai tarhil, wato a mayar da kai ƙasarku. Wanda abin ya fi ba ni tausayi shi ne yaron da aka haifa a nan, Larabci a bakinsa kamar Balarabe, ya san kowane lungu na Makka fiye da Google, amma takardunsa ba su cika ba.

Gaskiya dokar tana da nata alherin. Wanda ke ƙarƙashin kamfani yana da kwantiragi, yana da inshorar lafiya, in ya yi haɗari akwai wanda za a tambaya, saɓanin mai akawun ɗin haya da in mota ta buge shi ba a ma san da shi ba. Sai dai an ƙaro baki a kan akushi, manhaja ta ci, kamfani ya ci, sannan ragowar ta iso ga wanda ya sha ranar. Ga fetur ɗan 91 riyal 2.18 lita, ga kyamarar Saher mai kama masu karya dokar hanya da walƙiya ɗaya za ta cinye wahalar kwana biyu, kai kuma agogon manhaja yana ta ingiza ka ka yi sauri. Shi ya sa nake ganin aikin zai ƙaru amma kuɗin da ke shiga aljihun direba ba lallai ya ƙaru ba, zai koma aikin albashi ne da adadin odar da dole ka cika a wata.

'Yan'uwa da ke gida ku ma wannan ya shafe ku, don ejan-ejan sun fara tallar bizar tausil suna lissafa maka riyal da naira har kanka ya yi nauyi. Kafin ka sai da gona ka tambaya, wace sana'a za a rubuta a iƙamar, wa ke biyan fetur da tara, motar ko babur ɗin na wa ne, oda nawa ake so a wata kuma nawa ake yanka in ba ka cika ba. Wanda ke ciki kuma takardunsa lafiya lau, ni da zai ji tawa da ya fara neman lasisin babbar mota tun yanzu, don kayan da ke sauka a tashar jiragen ruwa ta Jidda ba a bayan babur suke isa Riyadh ba.