Fentin mai na rubutun shago ba ya jituwa da yadi

Wani labari da na karanta ya yi gaskiya da ya ce masu zanen zamani na ɗauko salon rubutun shagunan Meziko, wanda can ake kira rótulo, amma bai taɓo inda aikin ke lalacewa ba, wato in an kai salon kan yadin da masu zane ke aiki a kai. Masu rubutun nan da fentin mai irin mai ƙyalli (enamel) suke aiki, a kan kwano ko bangon siminti. In ya bushe tauri yake yi kamar tangaran. Yadin zane kuwa yana saki yana ɗamewa da sauyin yanayi, shi ya sa fentin ke tsattsagewa. Gara katako ko farantin ƙarfe: a goge da samfefa, a yi shafin farko sau 2, a bar shi ya kwana.

Sannan a buga layi da zare mai alli, a ja harafi da burushi mai dogon gashi ba tare da ɗaga hannu ba. Inuwar harafi sai washegari, in ba haka ba launi ya shiga launi, kamar ja ya shiga rawaya. Tina kuma, wato ruwan tsinka fenti, kaɗan, in ta yi yawa fenti ya riƙa zubowa.

Abin takaici, a 2022 hukumar gundumar Cuauhtémoc a birnin Meziko ta sa aka shafe irin wannan rubutu a rumfunan abinci da farin fenti.