Ranar da taya ta hau kaina a Mabera

Kawu na da wani babur a nan unguwar Mabera ta Sakkwato, wanda mai walda ya liƙa wa akwati a gefe don kai buhunan albasa kasuwar Kara. To tayar akwatin ce ta fara kuka, Kawu ya ce in duba boris, wato zoben ƙarfe mai 'ya'ya da taya ke juyawa a kansa, muka tura babur ɗin gindin dogon yaron ƙofar gida.

Na miƙe ƙafafun fin ɗin da ke tare notin taya da filaya na zare shi, na sa sifana 24 na sassauta notin tun taya na ƙasa. Muka tare tayoyin babur da duwatsu, muka ɗaga akwatin muka ɗora firam a kan bulo biyu da katako. Noti ya fita, washa ta fita. Taya ta ce ba inda za ta.

Sandar da tayar ke kanta mai kaurin milimita 20 ce, boris biyu ne a kanta masu lamba 6204, da ɗan bututu tsakaninsu. Sil ɗin baya, robar da ke hana ruwa shiga boris, ya daɗe da mutuwa, kuma duk wanda ya san Mabera a watan Agusta ya san irin ruwan da tayar nan ta sha. Ruwa ya wanke giris, tsatsa ta kama zoben ciki na boris ta haɗe shi da sanda. Maganinsa kananzir da ɗan baƙin mai, ko man feshi na WD-40 in aljihu da nauyi. Ka zuba ta gaba da ta baya, ka ba shi ko rabin awa ya jiƙa. Sannan ka mayar da notin a juye har ya yi daidai da kan sandar, ka ɗora guntun katako, wani na jan taya kai kana bugawa. Kada guduma ta taɓa kan sandar tsirara: bakin zai baje, zaren da noti ke hawa ya lalace, sai ka kwana da magagari kafin boris ya wuce. Kada kuma a daki rim, lanƙwashewa zai yi. Gasawa da wuta ma tana aiki, amma tana cinye giris da sil, boris ɗin kuma ya tashi aiki ke nan.

Duk wannan ina yi, Baba, wani dattijon layinmu, na kan benci yana bayana da goro a kunci. "Ɗana, wagga taya manja taka so." Na ce Baba manja na miya ne. Ya ce shi tun ba a haife ni ba yake ganin ana fid da taya. Ganin kuwa yana yi. Mutumin nan ko keke bai taɓa mallaka ba, amma babu injin da za a buɗe a layinmu bai ba da fatawa ba. Shi ya ce wa mai injin markaɗe ya zuba gishiri a tanki. Kuma sifana 10 ɗina tana gidansa tun kafin azumi, wai zai ɗaure ƙafar gado. Wane gado ne ake ɗaurewa har bayan babbar Sallah? In na tambaya sai ya ce "tana nan, ba ta ɓace ba", ya ci gaba da tauna.

Bayan kananzir ya yi aikinsa, taya ta soma motsi. Sai ta fito kamar faɗin yatsa ta tsaya, in ka saki ta koma. Wannan alamar ba ta tsatsa ba ce, tsatsa ba ta mayar da taya. Birki ne. Takalman birki sun daɗe suna cin cikin durom har sun bar masa leɓe a baki, to leɓen ne ke kama su. Sai an warware notin da ke kan sandar birki su koma ciki, leɓen ya wuce. Ni ma na ga hakan, ina dab da faɗa ne, na ce bari dai in gwada ja ɗaya mai kyau.

Na zauna a ƙasa, na naɗe riga, na dafe ƙafa biyu a firam, na kama taya dama da hagu. Na ce bismillah na ja har jijiyoyin wuya suka tashi. Ashe ɗan autan Kawu ya zagaya baya yana warware notin birkin da yatsu, bai ce wa kowa uffan ba. Yaro ɗan aji biyar. Ina tsakiyar ja, taya ta saki gaba ɗaya.

Na san na tafi baya. Na san na ga ganyen dogon yaro, na ga sama. Abin da ban tuna da shi ba sai da na isa, rabin jarkar da muke wanke ƙarafa a ciki, cike da kananzir da baƙin mai. A ciki na zauna daram, ƙafafu sama, taya a ƙirjina tana ta juyawa ƙir-ƙir, hulata ta gangara ta faɗa kwata. Man nan sanyi ƙalau, ina jin yadda yake ratsa wando a hankali. Daidai lokacin aka taso 'yan Islamiyya, layi guda, suka tsaya cak. Wata 'yar ƙarama ta ce "sannu Malam" da ladabinta, wannan sannun ta fi faɗuwar zafi. Kawu ya juya baya wai yana neman washa, kafaɗunsa na rawa. Ni kuwa na kasa tashi, don jarkar ta kama ni, sai da mutum biyu suka ja ni ta fita da wani sauti da ba zan kwatanta ba.

Baba ko motsi bai yi ba. Ya tofar da goro ya ce, "To, da manja kunka sa da ba a kai ga hakanga ba."

Sauran aikin ba wuya. Samfefa mai laushi a sanda har ta yi haske, sabbin boris, giris a sandar kafin a mayar, noti a ɗaure har ramin fin ya daidaita, a sa sabon fin, sannan a gyara birki. Sil ne ba mu samu daidai ba, Kawu ya ce a mayar da tsohon kafin damina. Yaron kuwa yanzu wai Injiniya ake ce masa a gidan. Baba ya aiko jiya a ba shi aron filaya.