"Zan sa ka a addu'a": alkawarin da muka mai da shi gaisuwa

'Yan'uwa a cikin Almasihu, akwai maganar da ta daɗe tana cin raina, yau dai zan faɗe ta.

Wata Lahadi bayan an tashi sujada, wata 'yar'uwa ta tare ni a bakin ƙofar majami'a. Idanunta sun yi jawur, muryarta na rawa. Ta ce ɗanta yana kwance a asibiti, likitoci sun ce sai an yi masa aiki. Na ce mata, "Kada ki damu, zan sa shi a addu'a." Na koma gida, hidimomi suka sha kaina. Bayan mako 3 muka haɗu, ta kama hannuna da hannu bibbiyu tana cewa, "Na gode da addu'a, yaro ya tashi." Ni kuwa ko sau ɗaya ban kai shi gaban Allah ba. Ko sunansa ban tambaya ba. Daren nan barci ya ƙaurace mini.

Tun ranar na gane cewa da yawanmu mun mai da wannan kalma hanyar sallamar mai damuwa. Mutum ya zo da nauyi a zuciya, mu ce "muna addu'a", mu wuce. A Facebook ma haka, a danna hoton hannuwa biyu a haɗe, shi ke nan an sauke nauyi. Amma annabi Sama'ila ya gaya wa Isra'ilawa cewa idan ya daina yi musu addu'a, zunubi ya yi wa Ubangiji. Zunubi fa ya ce, ba mantuwa ba. Kuma mutanen nan su ne suka nace sai an naɗa musu sarki, abin da ya ɓata masa rai ƙwarai.

Ku dubi Ibrahim a Farawa sura 18. An faɗa masa za a hallaka Saduma, sai ya tsaya gaban Ubangiji yana roƙo. Ya fara da adalai 50, ya sauko 45, ya ce 40, 30, 20, har ya kai 10. Sau 6 yana komawa, yana kiran kansa ƙura da toka, yana roƙon kada Ubangiji ya yi fushi, amma bai saki ba. Mutanen birnin ba su aike shi ba, ba su ma san ana yi ba. Musa kuwa, bayan jama'a sun yi ɗan maraƙin zinariya, cewa ya yi in ba za a gafarta musu ba, a shafe sunansa daga littafin Allah. Wannan shi ne roƙo domin wani: ka ɗauki ciwon da ba naka ba, ka durƙusa da shi kamar a jikinka yake. Shi ya sa da Bulus yake ba Kolosiyawa labarin abokin hidimarsa Abafaras, ya ce kullum fama yake yi dominsu cikin addu'a.

Wani zai ce, ai Allah ya san kome, me nacinmu zai ƙara? Yesu ya fi mu sanin haka, duk da haka ya gaya wa Bitrus cewa ya yi roƙo dominsa kada bangaskiyarsa ta kāsa, alhali ya san kafin zakara ya yi cara zai yi musun saninsa sau 3. Abin da Ubangijinmu ya yi, wane ne ni da zan ga na fi ƙarfinsa?

Ba na cewa duk abin da muka roƙa wa wani haka zai zo. Saduma ta ƙone, sai dai Littafi ya ce Allah ya tuna da Ibrahim, ya fid da Lutu, ɗan ɗan'uwansa, daga birnin. A Ayyukan Manzanni sura 12, sarki Hirudus ya kashe manzo Yakubu da takobi, Bitrus kuma mala'ika ya fitar da shi daga kurkuku a daren da ikilisiya take naciya da addu'a dominsa. Ikilisiya ɗaya ce ta ga duka biyun. Wani lokaci kuma jiran ne yake da tsawo. Monika, mutuniyar Tagaste a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, ta yi shekaru tana zub da hawaye saboda ɗanta Agustin da ya bauɗe wa bangaskiya, ta bi shi har birnin Milan a Italiya. Sai a shekarar 387 aka yi masa baftisma, yana da shekara 32, a cikin shekarar ce kuma ta rasu. Uwar da take da ɗan da ya bauɗe ta san irin wannan jira.

Abu ɗaya da yake ƙona mini rai shi ne gulma da sunan addu'a. A taron addu'a wani ya miƙe ya ce mu tuna da gidan wane, daga nan ya zazzage sirrin aurensu kaf. Ɗan'uwa, in Allah kake faɗa wa, ya riga ya san bayanin. Rufa wa mutum asiri yana cikin ɗaukar nauyinsa. Haka kuma wanda ka roƙa masa sauƙi da dare, ka leƙa shi da rana. Mutum 4 ɗin nan da suka ɗauko shanyayye ba daga nesa suka yi masa fatan alheri ba, rufin ɗaki suka buɗe suka zura shi gaban Yesu, kuma bangaskiyarsu Yesu ya gani.

Yanzu ina da ɗan littafi a cikin Littafi Mai Tsarkina. Duk wanda ya ce in sa shi a addu'a, nakan tambayi suna in rubuta a gabansa. In da hali, nan take mu sunkuyar da kai mu yi, ko a bakin hanya ne. A shafi na ƙarshe akwai sunan wani da ya cuce ni, na sa shi ne bayan na karanta cewa Ubangiji ya mayar wa Ayuba da abin da ya rasa sa'ad da ya yi addu'a domin abokan da suka ƙara masa ciwo da bakinsu. Har yau idan na zo kan sunan nan harshena yakan yi nauyi, amma ina ambatonsa.